Makon da Aka Koya wa Guduma Haƙuri

Guduma ya shekara goma sha uku yana tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta masu koriyar riga, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, bai kuma taɓa ba ƙafar da ya taka haƙuri ba. Ba don cin ƙwallo ake biyansa albashi ba. Ana biyansa ne don duk ɗan gaban da ya doso gidansu ya tuna yana da iyali. A gida mutum ne mai sanyin hali, shi ke yanke wa 'yarsa farce, shi ke gyara famfo in ya soma ɗiga. Amma da ya ɗaure igiyar takalmi sai ya rikiɗe, kuma babu wanda ya taɓa ce masa kul. Haka mutane suke, in mugunta tana kawo maki, tafi suke mata.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe na gasar, Koci ya tara 'yan wasa a ɗakin canza kaya. Ɗaki ne mai dogayen benci biyu, da fanka wadda fiffikenta ɗaya ya karye, da warin man zafi wanda ko an buɗe taga ba ya fita. Sakataren ƙungiya yana tsaye gaban allo, tabarau a kan hanci, riƙe da ɗan littafin dokokin gasa.

"Ku saurara, don ba zan maimaita ba," in ji Sakatare. "Ƙungiya ɗaya ce za ta faɗa rukunin ƙasa, ko mu ko masu jar riga. Su sun gama wasanninsu jiya. Mu saura mana ɗaya, ran Asabar, a nan filinmu. In mun ci, mun tsira, ba sauran magana. In an ci mu, mun faɗi. In kuwa aka tashi canjaras, makinmu ya zo ɗaya da nasu, ƙwallayenmu ma ɗaya."

"Sai a jefa kwabo ke nan," in ji gola, yana ɓare ayaba.

"Da can ke nan. Bana hukumar gasa ta kawo sabuwar doka, tana shafi na goma sha tara, wanda na san ko ɗayanku bai buɗe ba. In maki ya zo ɗaya, ƙwallaye suka zo ɗaya, katin gargaɗi ake ƙirgawa. Wanda ya fi ƙarancin kati shi ke sama. Suna da hamsin da biyu, muna da hamsin da ɗaya. In muka ƙara ko ɗaya mun yi daidai, in kuwa an yi daidai su ne a sama, don sun ci mu gida da waje. A taƙaice, canjaras zai cece mu, amma canjaras ba kati."

Kawuna suka soma juyawa ɗaya bayan ɗaya, har suka haɗu a kan mutum guda.

"Mene ne kuke kallona?" in ji Guduma.

"Sha huɗu daga cikin hamsin da ɗayan naka ne," in ji Sakatare, bai ko ɗago kai ba.

Koci gajere ne mai tumbi, muryarsa ta dishe tun shekarun baya saboda ihu. Ya ce, "Masu shuɗiyar riga za mu kara da su, kuma shekara biyar rabonmu da cin su. Su nasara suke nema don su shiga babban kofi, canjaras ba zai amfane su da komai ba. Don haka kada wani ya yi min mafarkin cin wasa. Mu tare gida, a tashi babu ci, babu kati."

"To Koci, ai sai ka ajiye ni a benci, kowa ya huta," in ji Guduma.

"Da da hali, a gida ma zan ajiye ka in kulle ƙofa. Mai maye gurbinka gwiwarsa na ɗaure. Kai za ka buga. Kuma ka ji da kyau, masu ƙungiya sun ce in muka faɗi, duk wanda ya haura talatin ya je ya nemi wata sana'a. Kai nawa?"

"Talatin da huɗu."

"To ka ga ba don mu kaɗai za ka yi ba."

Wannan Kocin dai shi ne wanda shekara da shekaru yake jan Guduma gefe kafin wasa, ya nuna masa ɗan gaban abokan karawa da haɓa, ya ce, "Ka gaisa da shi tun da wuri." Yau shi ne ya tsaya yana wa'azi a kan ladabi har bakinsa na kumfa. Zuciyarsa tana nan yadda take. Shafi na goma sha tara ne ya sauya, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Koci ya san wa'azi kaɗai ba zai yi ba. Washegari da safe 'yan wasa suka fito atisaye, suka tarar da kujerar roba a gefen raga, Inna mai wanki zaune a kai ta harɗe ƙafa. Inna ta shekara ashirin tana wanke rigunan ƙungiyar a bayan rumfar 'yan kallo, inda take da manyan robobi uku da igiyar shanya, kuma duk filin babu wanda bai ɗanɗana harshenta ba, har masu ƙungiyar. Koci ya ce aikinta na wannan makon ɗaya ne, ta tsokani Guduma iyakar iyawarta. 'Yan benci kuma aka ce su ja masa riga, su taka masa ƙafa, su mintsine shi. Sakatare ya zama alƙalin wasa, da usur da kati wanda ya yanko daga kwalin sabulu. Duk kati ɗaya, ƙungiya duka za ta zagaye fili sau uku.

"Abin nema ya samu," in ji Inna, ta gyara zama. "Kai Guduma! Shekara goma sha uku ina wanke rigarka, ban taɓa ganin gumin gudu a jikinta ba, sai fatar 'ya'yan mutane."

Guduma ya cije leɓe.

"Ji ƙafafu kamar an aro na tebur. Wai kai ɗan ƙwallo! Ƙwallo ta gan ka ma kaucewa take, ta san ba wurinta ka zo ba."

"Inna, ki ji tsoron Allah."

Sakatare ya busa usur. "Kati. Mayar da magana."

"Ai ba alƙali ba ce!"

"Kati na biyu. Gardama da alƙali."

Suka zagaye fili sau shida, kowa na harararsa. Da aka dawo, wani ɗan benci ya zo wucewa da ƙwallo. Guduma bai ma san sa'ad da ƙafarsa ta fita ba, sai dai ya ga mutum a sama, takalmi ɗaya can gefe. Ranar kati tara ya samu. Gola, wanda bai saba gudu ba, ya miƙe a kan ciyawa ya ce in gobe ma haka za a yi, gara su faɗa rukunin ƙasan, ya ji an ce a can ana hutawa.

Zagin Inna bai tsorata Guduma ba. Abin da ya tsorata shi shi ne ya gano bai iya karɓe ƙwallo ba. Abin da ya iya kawai ya kawar da mutum, ƙwallo ta rage ita kaɗai, wani ya zo ya ɗauka. Shekara goma sha uku ana biyansa, ana kiran sunansa daga rumfa, ashe rabin sana'ar bai taɓa koya ba, don ba wanda ya taɓa nemanta a wurinsa.

Ya koma gida da la'asar yana jan ƙafa. Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga, ƙyallaye zube a ƙasa. Labari ya riga shi isowa, don Inna ba ta ajiyar magana.

"Sannu da zuwa, Baban Auta. An ce makon haƙuri kake."

"Haka aka ce."

"Ko me aka yi maka ba ka tankawa?"

"Ina dai ƙoƙari."

Ta tsayar da keke, ta juyo gaba ɗaya. "To zauna, akwai 'yan maganganu da na daɗe ina ajiyewa. Ka tuna baƙar kwat ɗinka, wadda muka ce an sace a igiya?"

"Na tuna."

"Ba a sace ba. Ƙanena na ba, ya je neman aiki da ita. Ya samu ma."

A gida komai Guduma yana iya shanyewa, ban da a taɓa masa kaya.

"Rediyonka kuma ba tsufa ne ya kashe shi ba, cikin bokiti ya faɗa. Sannan ɗan kofin nan da aka ba ku shekarar da muka yi aure, wanda kake gogewa duk mako..."

"Me ya same shi?"

"Kunnensa ɗaya da gam yake tsaye, shekara huɗu ke nan."

Ya tashi ya je gaban kabad, ya ɗauki kofin, ya ga layin gam ɗin ɓaro-ɓaro. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ja numfashi sau uku kamar yadda Koci ya koya masa, ya ƙara uku, sannan ya dawo ya zauna.

"Allah ya sa ƙanenki ya ji daɗin aikin," ya ce.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga shi bai yi ba, sai ta tashi ta zubo masa shayi, ta ajiye a gabansa.

"Maman Auta, in muka faɗi fa? Ni ban iya komai ba. Ko rubutun kirki ban iya ba."

"Ga tsohon kekena can a lungu. Sai in fara koya maka sa maɓalli."

Ya dubi yatsunsa, kowanne ya kai kaurin kyandir.

"Ni abin da ke ba ni haushi," ta ce, tana zura zare a allura, "shekara goma ina ce maka ka daina karya 'ya'yan mutane, su ma abincinsu suke nema. Ka ce ban san ƙwallo ba. Yau takarda ta faɗa, ga shi har kana jan numfashi. Ashe ni da bakina ban kai shafi ɗaya ba."

Ya ɗauki shayin ya kurɓa.

Ran Laraba kati biyar ya samu. Ran Alhamis Koci ya ɗaure masa hannuwa ta baya da tawul, ya ce, "Kada ka kwanta, kada ka miƙa ƙafa. Ka dinga ja da baya, idonka a kan ƙwallo. Ɗan gaba ba shi da haƙuri. In ka jira, shi da kansa zai tura ta ta yi masa nisa, sannan ka ɗauka." Guduma ya gwada sau goma, ana wuce shi kamar turke. A na sha ɗaya, ɗan bencin ya tura ƙwallo ta ɗan zarce, Guduma ya sa ƙafa ya ɗauke ta, mutumin ya wuce a tsaye da ƙafafunsa biyu lafiya lau. Guduma ya tsaya yana kallon ƙwallo a ƙafarsa kamar wanda ya tsinci jariri a bakin ƙofa.

"Ashe haka ake yi?"

"Haka sauran jama'a ke yi tun da aka fara ƙwallo," in ji Koci.

Ran Juma'a ko kati ɗaya babu. Inna ta zagi ƙafafunsa, ta zagi kunnuwansa, ta koma kan askinsa, shi kuwa sai "Na gode, Inna." Ta ɗauki kujerarta ta koma wurin wanki tana mita, wai an lalata mata mutum. Koci ya tafi gida yana fito. Ya yi tanadin zagi, ya yi tanadin mintsini, ya yi tanadin zaluncin alƙali. A ganinsa ya toshe duk wata kafa da kati zai iya shigowa.

Ran Asabar da yamma fili ya cika maƙil, kuma duk magoya baya sun san lissafin. Mutanen da suka saba ihun "Karya shi! Karya shi!" yau da ɗan wasansu ya matsa kusa da mutum sai rumfa ta ɗauka, "A hankali! A hankali!" Masu koriyar riga suka zama kamar ɗaliban da mai duba makarantu ya zo wa. In abokin karawa ya faɗi, mutum uku ke rugawa su ɗaga shi, su kakkaɓe masa wando. In ƙwallo ta fita, su ke ɗauko ta su miƙa da hannu biyu. Kyaftin ya tambayi alƙalin wasa lafiyar iyali har sau biyu, sai da alƙalin ya soma lalube aljihu ko an zare masa wani abu.

Ɗan gaban masu shuɗiyar riga wani siriri ne mai surutu, ana ce masa Sauro. Bara Guduma ya kwantar da shi mako uku, kuma bai manta ba. Tun minti na farko ya manne masa.

"Kawu, an ce ka tuba. Tuban muzuru ne ko na gaske?"

"Sannu, ɗana."

"Wari kake, kawu. Warin ritaya."

"Na gode, ɗana."

Sauro ya taka masa yatsa, ya mintsine shi a haƙarƙari, ya faɗi ƙasa yana birgima ba wanda ya taɓa shi. Guduma ya ɗaga hannuwa sama, ya ja da baya taku uku don alƙali ya ga tazarar da ke tsakaninsu. A ransa cewa yake, ga wanda ya sha bakin Inna kwana huɗu, wannan ai rarrashi ne. Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, babu kati. Aka dawo, masu shuɗi suka matsa, suka bugi turken raga sau ɗaya, gola ya ture biyu. Saura minti goma, lissafin Koci yana nan daram.

Da yake canjaras ba shi da amfani ga masu shuɗi, sai suka kwaso kowa suka taho gaba, har golansu ya baro raga ya zo kusan tsakiyar fili yana ba da umarni. Ƙwallo ta faɗo gaban Guduma. Ba shi da wata niyya sai ya aika ta can nesa, bayan katanga in da hali, a ɓata minti ɗaya wajen nemo ta. Ya zuba mata ƙafa da duk haushin da ya haɗiye tun Litinin. Ta tashi sama, ta wuce tsakiya, ta wuce kan gola yana gudu da baya yana ɗaga hannu, ta dira sau ɗaya, ta dira sau biyu, ta gangara cikin raga kamar mai komawa ɗakinta.

Fili ya kaure da sowa. Guduma ya tsaya baki buɗe. Duk rayuwarsa wasu yake kallo suna wannan murnar, shi bai san inda ake sa hannu ba, bai san inda ake nufa ba. Wani abu ya taso masa daga ciki ya toshe masa kunnuwa, sai kawai ya kama wuyan rigarsa ya tuɓe ta, ya ɗaga sama yana kaɗawa, ya zuba a guje.

Kowa a filin ya san tuɓe riga don murna kati ne. Shi ma ya sani. Amma an yi mako guda ana gadin ƙofar fushi, an bar ta farin ciki a buɗe, don ba wanda ya taɓa zaton Guduma zai samu abin yi wa murna.

"Ku kama shi!" in ji Koci, da ɗan abin da ya rage masa na murya.

Mutum goma suka bi shi suna ihu, "Riga! Riga!" Shi kuwa ya waiga ya ga 'yan'uwansa na biye, ya ɗauka taya shi murna suke, ya ƙara wuta. Tun da ya fara ƙwallo bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya wuce gaban rumfa, ya hango matarsa ta ɗora hannu biyu a ka, ya ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa, ya kaɗa mata rigar. Sai a kusurwar fili Inna ta tare shi, bokiti a hannu.

"Mayar da rigar, sakarai! Ka kashe mu!"

A nan kunnuwansa suka buɗe. Ya juya. Alƙalin wasa na tsaye yana jiransa, kati a hannu, fuskarsa kamar ta mai kai saƙon rasuwa.

"Ka yi haƙuri, babba. Doka ce."

Guduma ya sa rigar a baibai, ya koma wurinsa. Kati ya zama hamsin da biyu. Yanzu in masu shuɗi suka rama ƙwallo ɗaya, canjaras ba zai ceci kowa ba, kuma duk gari zai san wanda ya jefa su rami da hannunsa.

A bakin benci Sakatare ya ja hannun Koci. "Tsaya ka ji. Canjaras ya mutu. Nasara kaɗai ta rage mana, kuma in an ci wasa ba a ƙirga kati. Ko goma muka samu yanzu, duk ɗaya ne."

Koci ya tsura masa ido. Sannan ya ruga bakin layi, ya haɗa hannu a baki. "Kati ya daina aiki! Ku koma yadda kuke!" Ya nuna Guduma da yatsa. "Ban da kai! Kana da ɗaya, na biyu ja ne, sai mu koma mu goma!"

Ladabin da aka yi mako ana ginawa ko minti ɗaya bai ƙara ba ya rushe. Kyaftin, mai tambayar lafiyar iyali, ya kwashe ƙafafun mutumin da ya kakkaɓe wa wando ɗazu. Rumfa ta koma tsohuwar waƙarta, ko kunya babu. Cikin minti takwas alƙali ya ɗaga kati huɗu. Ladabin da doka ta kawo ɗan haya ne, ranar da wa'adinsa ya cika zai naɗe tabarmarsa ya tafi. Duk filin mutum ɗaya ya rage yana wasa kamar ɗan mutunci, kuma shi ne wanda aka fi sani da mugunta.

A mintin ƙarshe na ƙarin lokaci aka zura wa Sauro ƙwallo ta tsakiya. Ya wuce kyaftin, ya taho. Tsakaninsa da gola babu kowa sai Guduma, kuma ba su kai yadi na sha takwas ba tukuna, inda keta ke zama fenareti. Lissafin a fili yake, ko mai sayar da ruwa a rumfa ya san shi. A sare Sauro a nan, a karɓi jan kati, su buga bugun tazara daga nesa, lokaci ya ƙare.

"Sare shi!" in ji Koci, wanda ɗazun nan ya ce ban da shi. "Guduma, sare shi!"

Rumfa duka ta ɗauka.

Guduma ya ga ƙwaurin Sauro, siriri kamar kara, ya kuma san daidai inda ake bugu. Ƙafarsa ta dama har ta ɗan ɗaga. Sai ya ja da baya. Ya sake ja. Suka shiga yadi na sha takwas, Koci ya rufe fuska da hula. Sauro ya karkata hagu, ya karkata dama, yana jiran ƙafar da ya sani ta zo ya faɗi a kanta. Ba ta zo ba. Haƙurinsa ya ƙare, ya tura ƙwallo don ya buga, ta yi masa nisa da taku ɗaya. Guduma ya sa ƙafa ya ɗauke ta, ya juya, ya aika ta bayan katanga, wannan karon ta tafi inda aka aike ta. Kafin a nemo ta alƙali ya busa tashi.

A ɗakin canza kaya ba ka jin maganar na kusa da kai. Ana watsa wa juna ruwa, gola ya hau benci yana rawa da safa ɗaya. Koci ya kutso ta cikinsu ya tsaya a kan Guduma, wanda ke zaune yana kwance igiyar takalmi.

"Na ce ka sare shi. Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Koci."

"To me ya hana ka? Da ya ci fa?"

"Koci, ni babbar mota ce. Kwana huɗu kuka yi kafin ku juya ni. Ba a minti ɗaya za a sake juya ni ba."

Ko tuba ce ta gaskiya, ko nauyin juyawa ne kawai, Allah kaɗai ya sani, kuma ba a yi wa mutum shaida da wasa ɗaya. Koci dai ya girgiza kai, ya ce ya zo ofis ran Litinin ya sa hannu, an ƙara masa shekara guda.

Suna cikin haka Sakatare ya leƙo, wayarsa a hannu. "Koci, ka ji abin da ake cewa? Wai hukuma na shawarar baɗi duk ƙungiyar da ta ci ƙwallo uku a wasa a ƙara mata maki ɗaya."

Koci ya juyo a hankali, ya sauke ido kan ƙafar Guduma ta dama.

"Guduma, wannan bugun da ka yi daga can baya, kana iya maimaitawa?"

"Koci, wallahi katanga na nufa."

"Madalla. To daga ran Litinin katanga za ka dinga nufa, sau hamsin kullum."